A Bar Ma'aikaci Ya Gama Aikin da Ke Hannunsa

Akwai wata ƙarya da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, har ta kai mai yin ta ba ya jin ya yi laifi, wanda aka yi wa ita ma ba ya damuwa ya bincika. Idan aka tura wa ma'aikaci saƙo ta WhatsApp da hantsi bai amsa ba sai bayan azahar, amsarsa takan fara ne da cewa wayar tana caji, ko data ta ƙare, ko sabis ne ya ɗauke. Da wuya ka ji wanda zai ce ya ga saƙon amma yana tsakiyar wani aiki da ba ya son yankewa, alhali sau da yawa wannan ita ce gaskiyar magana, kuma ita ce hujjar da ya kamata ta fi kowace ƙarfi a wurin da aka ɗauki mutum aiki ake biyan sa albashi. Mun kai matsayin da mutuwar batir uzuri ne karɓaɓɓe, aiki kuwa ba a karɓar sa a matsayin uzuri. A ganina ya kamata a amince a fili cewa ma'aikaci yana da damar jinkirta amsar saƙo har ya kai ƙarshen abin da ke hannunsa, kuma shugabannin wuraren aiki ne ya wajaba su fara furta wannan izini da bakinsu, domin na ƙasa ba shi da ƙarfin ƙwatar sa da kansa.

Ba a daɗe da shiga wannan hali ba. Kafin layukan wayar salula na GSM su fara aiki a Najeriya a 2001, umarnin ofis a cikin fayil yake tafiya, masinja ya ɗauko daga wannan tebur ya kai wancan, kuma wahalar aiken kanta tana tace abin da ya cancanci a aika, tunda babu wanda zai sa mutum ya hau bene saboda maganar da ba ta taka kara ta karya ba. Wayar hannu ta ɗauke wannan wahala, kuma babu mai hankalin da zai so a koma baya. Abin da ya sauya lamarin shi ne saƙon da kusan kyauta yake, sannan a watan Nuwamba na 2014 WhatsApp ya ƙara shuɗiyar alamar nan da ke shaida wa mai aikawa cewa an buɗe saƙonsa, daga nan kuma shirun mutum ya zama abin da ake iya auna tsawonsa da agogo. Annobar korona ta 2020, lokacin da gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikata daga mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, ita ta ƙarasa mayar da waya ofis. An koma bakin aiki daga baya, amma guruf-guruf ɗin da aka buɗe a lokacin suna nan ba a rufe su ba.

Duk wanda ke cikin guruf ɗin ma'aikata ya san yadda yininsa yake tafiya. Da asuba wani zai turo hoton fure da addu'ar safiya, jama'a su bi da amin. Kafin a buɗe ofis an saka katin ɗaurin auren ƙanwar wani, an sanar da rasuwar surukin wani, kuma wanda bai yi ta'aziyya a nan ba za a lura da shi. A tsakanin waɗannan ne darakta zai jefo sanarwar cewa an ɗage taron ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2, sai ma'aikata su yi layi kowa yana rubuta “Noted sir”, kowace amsa kuma ƙara ce a aljihun kowa, har sanarwar ta nutse wani ya zo yana tambayar ƙarfe nawa ne taron. Ga kuma saƙon murya na minti huɗu, wanda mintinsa na farko gaisuwa ce da tambayar iyali da gajiya, kuma babu yadda za a yi a san ko akwai magana mai nauyi a cikinsa sai an saurare shi har ƙarshe. Yanzu a kwatanta akantan da ke haɗa jadawalin albashi a makon ƙarshe na wata, yatsansa a kan takarda, idonsa a kan kwamfuta, yana gwada lambar asusun banki mai lamba 10 da sunan mai ita. Wayarsa tana gefe, fuskarta a sama, tana haske tana mutuwa. Duk lokacin da ya kai ido gare ta ya dawo, sai ya nemi layin da ya tsaya, wani lokaci ya koma baya layi biyu don ya tabbata, wani lokaci kuma ya ɗauka ya riga ya duba wanda bai duba ba. Idan albashin wani ya maƙale a ƙarshen wata, takardar tuhuma sunan akantan za ta ɗauka, babu wanda zai tuna da guruf.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe suna auna wannan asara. Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta shafe shekaru tana bibiyar ma'aikatan ofis, ta gano cewa a 2004 mutum yakan ɗauki kimanin minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin ya juya ga wani, a 2012 lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 75, a shekarun baya-bayan nan kuma ya koma wajen daƙiƙa 47. A wani gwaji da ta yi da abokan aikinta a 2008, waɗanda aka riƙa katsewa sun gama aikinsu da sauri fiye da waɗanda aka ƙyale, amma sun biya kuɗin saurin da gajiya da takaici da jin cewa lokaci ya ƙure musu. Wannan sakamako ya fi ja hankalina, domin shi ne ke bayyana dalilin da ya sa shugabanni ba sa ganin matsalar: aikin yana fitowa, wanda ya yi shi ne yake komawa gida a wujijjige. Sophie Leroy kuma ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aikin da bai kammala ba ya koma wani, wani sashe na hankalinsa yana nan maƙale a na farko, saboda haka na biyun ma ba ya samun cikakken hankali. Kuma ba sai an buɗe saƙon ba ne ɓarnar take aukuwa, domin a wani gwaji da aka yi a jami'ar jihar Fulorida a 2015, waɗanda wayarsu ta yi ƙara kawai suna cikin aikin da ke buƙatar natsuwa sun fi yin kuskure, ko da yake ba su taɓa wayar ba.

A sana'o'in da kuskure ke cin rai an riga an yanke hukunci a kan wannan. A 1974 wani jirgin fasinja ya faɗi yana shirin sauka a birnin Charlotte na Amurka, mutum fiye da 70 suka mutu, bincike kuma ya nuna matuƙan suna ta hirar siyasa da motoci a daidai lokacin da ya kamata idonsu ya kasance a kan ma'aunin nisansu da ƙasa. A 1981 hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar ta haramta duk wata magana da ba ta shafi tuƙi ba a lokacin tashi da sauka da kuma duk lokacin da jirgi ke hawa ko gangarowa ƙasa da ƙafa 10,000. A asibitoci biyu na birnin Sidni na Ostareliya, wani bincike da aka wallafa a 2010 ya gano cewa kowace katsewa da aka yi wa nas tana cikin raba magani tana tafe da ƙarin kuskure na kimanin kashi 12 cikin 100. Ba na cewa rubuta rahoton ofis daidai yake da saukar da jirgi, amma ƙwaƙwalwar da ke yin duka biyun iri ɗaya ce, kuma malamin da ke duba takardun jarrabawa, da lauyan da ke karanta yarjejeniyar fili, da injiniyan da ke lissafin rodin da bene zai ci, kowannensu yana da sa'ar da kuskurensa zai faɗa a kan wani.

Babban abin da ke hana mu karɓar wannan magana shi ne tarbiyya. An rene mu a kan cewa idan babba ya kira ana amsawa da “na'am” tun kafin ya rufe baki, kuma wanda aka yi wa magana ya yi shiru ya yi raini. Wannan tarbiyya ce mai kyau, amma rabinta kawai muka ɗauko muka ɗora wa waya, muka bar ɗaya rabin da ya hau kan mai neman a saurare shi. Baƙon da ya zo gida yakan tsaya a zaure ya yi sallama, idan aka ce maigida yana wanka ko yana cin abinci ya zauna ya jira, kuma ba ya ƙirga hakan a matsayin wulaƙanci. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Musal Ash'ari ya iyakance neman izini ga sau uku, in ba a ba mutum ba ya koma. Suratun Nur ta ce idan aka ce muku ku koma to ku koma, ta kuma ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga, wato kafin sallar asuba da lokacin hutun tsakar rana da bayan sallar isha. Suratul Hujurat ta zargi waɗanda suka riƙa ƙwala wa Annabi (SAW) kira daga bayan ɗakuna, ta ce da sun yi haƙuri har ya fito da ya fi musu alheri. Al'ummar da ta gaji irin wannan ladabi ba ta da dalilin ɗaukar saƙon da ya shigo ƙarfe 11 na dare a matsayin abin da dole a tashi a amsa.

Sau da yawa ma mai aikawar bai sa ran amsa da gaggawar da mai karɓa yake zato ba. Laura Giurge da Vanessa Bohns sun wallafa bincike a 2021 da ya nuna cewa masu karɓar saƙon aiki a wajen lokacin aiki suna ɗauka ana jiran amsarsu da sauri fiye da yadda masu aikawa suke jira a zahiri, kuma 'yar gajeruwar magana daga mai aikawa cewa abin ba na gaggawa ba ne tana rage wannan damuwa. Shugaban da ya tuna da wata magana bayan isha yakan tura ta ne don kada ya manta, ya ajiye wayarsa ya kwanta, wanda aka tura wa kuwa ya tashi zaune yana tunanin yadda zai tsara amsa.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan ra'ayi, kuma ba zan yi kamar ban san ta ba. Ofisoshinmu ba da saurin amsa suka yi suna ba. Wanda ya taɓa bin haƙƙin fanshon mahaifinsa ya san ma'anar “ka dawo gobe” da “fayil ɗin bai sauko ba” da “oga ya fita”, kuma a wurare da yawa waya ce ta fara karya wannan katanga, ta ba talaka hanyar isa ga jami'in da a da sai ya yi sammako ya zauna a benci kafin ya gan shi. Mai wannan suka zai ce idan aka halatta jinkiri, malalaci ya samu sabuwar rigar fakewa, zai share mutane ya ce natsuwa yake nema. Haɗarin gaskiya ne, kuma abin da ke raba jinkirin da nake karewa da wancan shi ne wa'adi. Wanda ya rubuta, “Ranka ya daɗe, na ga saƙonka, ina kan rahoton da ka ce a miƙa yau, zan kawo maka amsa kafin la'asar in sha Allah,” ya ɗaure kansa da lokaci, kuma idan la'asar ta yi bai amsa ba an sami abin kama shi da shi. “Ka dawo gobe” kuwa ba ta da ranar cika. Ina ma ganin amsar nan take ita ce ta fi ba malalaci mafaka, domin wanda ya fi kowa saurin rubuta “Noted sir” yana iya zama wanda bai buɗe fayil ko ɗaya ba tun safe, amma a idon shugaba shi ne mai himma, wanda ya kifa wayarsa yana aiki kuma shi ne ake tambayar ina ya shiga.

Haka nan ba kowane aiki ne wannan shawara ta dace da shi ba. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke karɓar oda ta waya, da matar da ke sayar da turaren wuta ta Instagram, da ma'aikacin sashen sauraron koken abokan hulɗa, da likitan da ke bakin kira, amsar ita ce aikinsu, kuma mai saye da bai ji amsa ba zai wuce shago na gaba. Ko su ma, mai shagon da ya san abin da yake yi yakan miƙa wa yaronsa wayar idan ya zauna lissafin kaya da bashi.

Inda shawarwarin da ke zuwa mana daga waje suke gazawa shi ne suna magana da mutum ɗaya, kamar shi ke da iko da lokacinsa: kashe ƙarar wayarka, ware sa'o'in da ba ka amsa kowa, duba saƙonni sau uku a yini. Wannan yana yiwuwa ga darakta. Ƙaramin ma'aikacin da ƙarin girmansa da canjin wurin aikinsa da sa sunansa a jerin masu zuwa bita duk suna hannun mutum ɗaya, ba zai gwada wannan a kan mutumin ba, kuma wanda ya ba shi shawarar ya gwada bai yi masa adalci ba, balle a ƙasar da masu neman aikin suka fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ko ta fuskar manhajar ma hannunsa a ɗaure yake, domin WhatsApp yana barin mutum ya kashe shuɗiyar alamar a hirar mutum biyu, amma a guruf mai aikawa yana iya ganin duk wanda ya karanta. Saboda haka gyaran daga sama zai fara. Ƙasashen da suka ɗauki matakin doka sun fahimci haka, shi ya sa suka ɗora nauyin a kan mai ba da aiki. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanonin da ke da ma'aikata 50 ko fiye su tattauna da ma'aikatansu a kan lokutan da ba za a neme su ba. Fotugal ta hana masu ba da aiki tuntuɓar ma'aikata a lokacin hutunsu a 2021, sai dai in larura ta tilasta, Ostareliya kuma ta ba ma'aikaci damar ƙin amsa kiran da ya zo bayan tashi daga aiki tun watan Agustan 2024, matuƙar ƙin nasa bai saɓa wa hankali ba. Kafin dokokin ma, kamfanin Volkswagen ya dakatar da isar da imel ga wayoyin wasu ma'aikatansa na Jamus bayan tashi daga aiki tun 2011.

Waɗannan dokoki dare da ranakun hutu suka kare, ba su taɓa tsakiyar yinin aiki ba, wanda a nan ne akanta da malami suke rasa natsuwarsu. Ban kuma ga alamar cewa doka ce za ta warware mana wannan ba, a ƙasar da dokokin ƙwadagon da ake da su ma ba su kai ga yawancin masu aiki ba. Abin da ake buƙata bai wuce ikon shugaban sashe ɗaya ba. Ya tara mutanensa ya faɗa musu cewa duk abin da ba zai iya jira ba a kira a waya ko a tako a zo, abin da aka rubuta kuwa an yarda ya jira zuwa wani lokaci sananne, misali kafin a tashi daga aiki a ranar. Ya raba guruf ɗin gida biyu, ɗaya na sanarwar aiki wanda shi da sakatarensa kaɗai ke iya rubutu a ciki, abin da manhajar ta tanadar tun tuni, ɗaya kuma na zumunci inda biki da suna da ta'aziyya za su ci gaba da gudana, kowa ya leƙa lokacin da ya samu sarari. Ya ce ba ya buƙatar kowa ya shaida masa ya ga sanarwa. Idan zai tura saƙon murya ya sa layi ɗaya a rubuce da ke faɗin abin da ke ciki da ranar da ake son amsa. Mafi wuya a cikinsu shi ne ya riƙe kansa ranar da ya tura saƙo aka yi awa biyu ba a amsa ba, kada ya kira ya ce, “Malam, na gan ka a kan layi,” domin ranar da ya faɗi haka sau ɗaya tsarin ya rushe, kowa zai koma kwana da waya a hannu.

Shi ma ma'aikacin akwai nasa rabon. Binciken Gloria Mark ya nuna cewa kusan rabin katsewar da ake samu mutum ne ke katse kansa, ya ɗauki waya ba tare da ta yi ƙara ba, don haka izinin shugaba ba zai amfani wanda ya bar ta a buɗe a kan tebur ba. Sai dai toshe komai gaba ɗaya ma ba shi ne mafita ba. A wani gwaji da aka wallafa a 2019, waɗanda aka tara musu sanarwar wayarsu aka riƙa sakar musu ita sau uku a yini sun fi samun natsuwa da kwanciyar hankali, amma waɗanda aka kashe musu sanarwar ɗungurungum sun ƙara shiga fargabar cewa wani abu yana wuce su. Mu kuwa yininmu ya riga ya zo a yanke, ba sai mun ƙirƙiro jadawali ba. Mutum ya duba saƙonninsa idan ya iso da safe, ya sake dubawa idan ya dawo daga sallar azahar ko cin abinci, ya duba na ƙarshe kafin ya tashi, ya bar layin kira a buɗe saboda gida da makarantar yara da shugaban da abu ya taso masa da gaske, sauran sa'o'in kuma wayar ta zauna a cikin durowa. Saƙon da ya shigo ƙarfe 10 zai sami amsa kafin ƙarfe 2, daga mutumin da ya karanta shi har ƙarshe, ya duba fayil ɗin da ake tambaya a kai, kuma ba sai ya fara da cewa wayarsa tana caji ba.